Dakta Dorothy Ferebee: Likitar da Ta Loda Asibiti a Mota Ta Kai Shi Gonakin Auduga

Ranar da na fara jin sunan Alpha Kappa Alpha muna kwance ne a ɗakinmu na hostel, an ɗauke wuta, kowace ta duƙufa a kan wayarta. Lokacin ina shekarar farko, ana tsakiyar hayaniyar zaɓen Amurka na 2024. Sai na ci karo da wani bidiyo na Kamala Harris tana jawabi a gaban dubban mata baƙar fata, yawancinsu sanye da kaya ruwan hoda da kore, ga wasu haruffan Girkanci guda uku a jikin tutocinsu. Wata 'yar ɗakinmu ta leƙo, kallo ɗaya ta yi ta yanke hukunci cewa waɗannan ai 'yan ƙungiyar asiri ne, nasu dai ya fi namu tsabta.

Ban ga laifinta ba. Mu a nan, da zarar an ce ƙungiyar ɗalibai mai launi na musamman da rantsuwar shiga, abin da ke faɗo mana a rai shi ne gatari da taron dare a daji. Tun daga ƙungiyar da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952, da waɗanda suka ɓalle daga baya suka koma zubar da jini, sunan irin wannan tafiya ya ɓaci a makarantunmu. Kowannenmu ma sai da ya sa hannu a takardar barranta daga ƙungiyar asiri kafin a rantsar da shi ɗalibi.

To ni dai maganar ba ta bar ni ba. Na shiga karance-karance don in ƙaryata ta ko in gaskata ta, kuma a nan ne na haɗu da matar da nake so in ba ku tarihinta, a wannan rubutu nawa na ƙarshe kafin in tattara kayana in bar muku makaranta.

Wace irin ƙungiya ce?

Alpha Kappa Alpha ƙungiyar zumunci ce ta mata baƙar fata masu karatun jami'a, kuma ita ce ta farko a irinta a Amurka. An kafa ta ranar 15 ga Janairun 1908 a Jami'ar Howard da ke birnin Washinton, jami'ar baƙaƙen fata wadda Nnamdi Azikiwe ma ya taɓa zama ɗalibi a cikinta. Wata ɗaliba mai suna Ethel Hedgeman ce ta kawo shawarar, ta tara ƙawayenta. A 1913 suka yi mata rajista da hukuma a ƙarƙashin jagorancin Nellie Quander, daga nan ta fara yin rassa a wasu jami'o'i da garuruwa.

Tsarinsu ya bambanta da namu ta fuska ɗaya mai muhimmanci. Mu ƙungiyarmu ta sashe ko ta 'yan jiha tana ƙarewa ne ranar da muka karɓi sakamako. Su kuwa mace tana shiga reshen ɗalibai, idan ta gama karatu sai ta koma reshen waɗanda suka kammala a garin da take aiki, ta ci gaba da biyan kuɗin ƙungiya da halartar taro har tsufanta. Wannan ya sa suke da kuɗi, da ƙwararru, da dogon numfashi.

Ba mala'iku ba ne fa. An daɗe ana zarginsu da jin kai irin na 'yan boko masu hali, an kuma sha kai ƙorafin wahalar da sabbin shiga a ƙungiyoyi irin wannan a Amurka. Amma tarihin Dorothy ya nuna abin da irin wannan haɗin kai zai iya yi idan ya faɗa hannun da ya dace.

Tasowarta da karatunta

An haifi Dorothy Celeste Boulding ranar 10 ga Oktoban 1898 a garin Norfolk na jihar Birjiniya, a kudancin Amurka, inda dokokin wariyar launin fata suke da ƙarfi. Mahaifinta ma'aikaci ne a harkar jirgin ƙasa. Tana ƙarama mahaifiyarta ta kwanta rashin lafiya, sai aka tura ta Boston, can arewa, wajen dangin uwa, gidan Ruffin. Gida ne na lauyoyi: ɗaya daga cikin kakanninta a wannan ɓangare, George Lewis Ruffin, shi ne baƙar fata na farko da ya kammala karatun lauya a Harvard, daga baya ya zama alƙali. Ita kuwa tun tana yarinya likita take son zama.

Ta yi digirinta na farko a Kwalejin Simmons, ta gama a 1920, kuma a Boston ɗin ne ta shiga reshen Epsilon na Alpha Kappa Alpha. Daga nan ta wuce makarantar koyon likitanci ta Tufts. Ajinsu mutum 137 ne, mata biyar kacal. Ta kammala a 1924 cikin waɗanda suka fi kowa maki.

Nan ne duniya ta nuna mata halinta. Likita sabon yaye dole ne ya yi zaman horo a asibiti kafin ya tsaya da ƙafarsa. Abokan karatunta farare, har da waɗanda take gabansu nesa a aji, duk suka samu gurbi. Ita kuwa duk asibitin fararen da ta nema sai a maido mata da takarda, domin fom ɗin yana tafiya ne da hoto. Duk wanda a cikinmu ya taɓa yawo da takardar neman wajen koyon aiki daga wannan ofis zuwa wancan ya ɗan san ɗacin abin, sai dai nata ba rashin hanya ba ne, fatarta ce laifinta. A ƙarshe ta zauna jarabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ta ci, aka ɗauke ta a asibitin Freedmen's da ke Washinton, wanda aka kafa tun 1862 domin bayin da suka samu 'yanci, kuma shi ne asibitin koyarwa na Jami'ar Howard. Ta ƙware a fannin haihuwa.

Kwalbar madara

Da ta gama horo sai ta buɗe ɗan ɗakin duba marasa lafiya a kudu maso gabashin birnin, unguwar talakawa wadda motar asibiti ba ta cika shiga ba. Akwai wani labari da ita kanta ta riƙa bayarwa har tsufanta. Wata rana 'yan sanda suka kama wani ƙaramin yaro baƙar fata saboda ya ɗauke kwalbar madara daga ƙofar maƙwabta. Da ta bi sawu sai ta tarar uwar yaron ta tafi aikatau tun da sassafe, ta bar shi da ƙaninsa jariri yana ta kukan yunwa. Dorothy ta biya kuɗin madarar aka saki yaron. Ta je wani gidan renon yara da ke unguwar ta roƙi su riƙa karɓar irin waɗannan yara, suka nuna mata cewa nasu na 'ya'yan farare ne kawai.

Wata da nan za ta tsaya, ta ce ai ta yi nata. Ita sai ta shiga tara mutane da kuɗi, har a 1929 aka buɗe gidan da aka sa wa suna Southeast House, inda iyaye mata masu fita aiki ke barin 'ya'yansu, manyan yara kuma su samu wajen zama bayan an tashi daga makaranta. Lura da yadda take tunani: ba ta tsaya kan yaron da ya ɗauki madara ba, ta nemi dalilin da ya sa ya ɗauka. A wannan lokaci tana koyarwa a makarantar likitanci ta Howard, tana kuma cikin reshen Xi Omega, wato reshen ƙungiyarsu na matan Washinton da suka kammala karatu. A 1930 ta auri wani likitan haƙori, Claude Ferebee, a 1931 ta haifi tagwaye, mace da namiji.

Tafiya Misisipi

Aikin da ya fito da sunanta ya faro ne daga wata mata daban, Ida Louise Jackson, malamar makaranta haifaffiyar Misisipi, wadda ta zama shugabar ƙungiyar ta ƙasa a 1934. A wannan shekara ta jagoranci wasu membobi zuwa garin Lexington a gundumar Holmes ta jihar Misisipi, suka yi amfani da dogon hutu wajen horar da malaman karkara a makarantar Saints, wadda wata mata mai suna Arenia Mallory ke shugabanta. Abin da suka gani ya sauya musu lissafi. Yaran da ake so a koyar ba su da lafiyar zaman aji. Sai ƙungiyar ta yanke shawarar ware kuɗi daga abin da membobi ke biya domin aikin lafiya, aka naɗa Dakta Ferebee ta jagorance shi.

Sai an fahimci yadda wurin yake kafin a gane nauyin aikin. An haramta bauta a Amurka tun 1865, amma shekara saba'in bayan haka yawancin baƙaƙen fatar wannan yanki suna zaune ne a gandayen audugar farare bisa wani tsari mai kama da noma mu raba. Mai gandu zai ba ka fili da 'yar bukka da iri, ya ba ka bashin abinci daga kantinsa. In kaka ta yi shi zai auna audugar, shi ke riƙe da littafin lissafi, shi zai gaya maka cewa har yanzu ana bin ka. Ga karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929 ta karya farashin auduga. Ga zazzaɓin cizon sauro, ga tunjere, ga cututtukan rashin abinci mai gina jiki, domin cimarsu ba ta wuce garin masara da kitsen alade da ruwan rake. Da yawansu ba su taɓa ganin likita ba tun da aka haife su.

A tsakiyar 1935 Dakta Ferebee ta tashi da tawagarta, mata goma sha wani abu, 'yan sa-kai, ba mai albashi ko ɗaya. Tun daga tashar jirgin ƙasa matsala ta fara, domin wurin da aka keɓe wa baƙaƙe a jirgin ba zai ɗauke su da kayansu ba. Sai suka loda magunguna da allurai a motocinsu suka kama hanyar kudu, tafiyar kwanaki, a garuruwan da otel ba ya karɓar baƙar fata, gidan mai ma zai iya sayar maka da fetur ya hana ka shiga banɗaki. Suna yada zango ne a makarantun baƙaƙe da gidajen mutanen arziki.

Da suka isa suka shirya wuraren duba marasa lafiya a wasu tsayayyun wurare, suka zauna jiran jama'a. Shiru. Masu gandaye sun hana ma'aikatansu fita. Ba sa son a bar auduga a tafi layin allura, sannan suna tsoron waɗannan baƙin mata masu ilimi da motoci, daga arewa, za su hure wa manoma kunne.

Ka yi tunanin kanka a wurinta. Ka tara kuɗin mutane, ka baro 'ya'yanka 'yan shekara huɗu, ka yi tafiyar kwanaki, ga magani zai lalace a zafi, kuma ba kowa. Da ta juya gida ta rubuta rahoto cewa an hana su aiki, ba wanda zai zarge ta, domin gaskiya ce. Maimakon haka ta bi masu gandayen tana lallashi, har aka fara yarda su shiga su duba mutane a cikin gandun. Sai suka mayar da motocinsu asibiti. Kullum da safe su loda kaya su bi hanyoyin ƙura, su sauka a gindin bishiya, ko harabar coci, ko tsohon ɗakin makaranta, su ɗaura zannuwa a igiya don sirri, su fara aiki. Wani wurin ma masu gadin gandu ne tsaye a kansu da bindiga da bulala, suna sauraron duk abin da ake faɗa, shi ya sa manoman ke amsa tambaya a tsorace. Duk da haka, kafin su koma gida sun yi wa yara sama da 2,000 rigakafin agana da mashaƙo. Ana lissafa wannan aiki cikin na farko-farkon asibitin tafi-da-gidanka a Amurka.

Wani abin da ya burge ni shi ne yawancin matan nan ba ma'aikatan lafiya ba ne, malaman makaranta ne. Likita da nas-nas su ke allura da ba da magani. Sauran kuwa wata tana rubuta suna da shekarun kowane yaro, wata tana tafasa kayan aiki, wata tana tuƙi, wata tana rarrashin mai kuka, daga baya har da masu nuna wa iyaye mata yadda za su inganta girki da ɗan abin da ke hannunsu. Kuma duk abin da suka yi sai sun rubuta, su buga rahoto su aika wa hukumomi, don kada wani a Washinton ya ce bai san halin da ake ciki ba.

Daga 1936 suka mayar da aikin gundumar Bolivar, inda jami'in lafiya na yankin ya ba su haɗin kai, suka yi sansani a Mound Bayou, garin da 'yantattun bayi suka kafa da kansu a 1887. Haka suka riƙa komawa shekara bayan shekara, mutanen da suka fara gudunsu suka koma jiransu. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tsayar da aikin a 1942, da gwamnati ta taƙaita sayar da fetur da tayoyi. Kafin nan sun yi wa yara kusan 15,000 rigakafi, ban da dubban manya da suka samu magani. Hukumar lafiya ta gwamnatin tarayyar Amurka ta yaba wa aikin, Eleanor Roosevelt, uwargidan shugaban ƙasa, ta gayyaci Dakta Ferebee fadar gwamnati.

Sauran rayuwarta

Ta shugabanci Alpha Kappa Alpha ta ƙasa daga 1939 zuwa 1941. A 1949 ta gaji Mary McLeod Bethune a shugabancin majalisar ƙungiyoyin mata baƙar fata ta Amurka, ta riƙe har 1953. A 1949 ɗin dai ta zama shugabar sashen kula da lafiyar ɗalibai na Jami'ar Howard, aikin da ta yi har 1968. Ta sake komawa kudancin Amurka a shekarun 1960, lokacin gwagwarmayar 'yancin jefa ƙuri'a, tana da shekara sittin da wani abu. A 1967 tana cikin wakilan Amurka a taron Hukumar Lafiya ta Duniya a Jeniba.

Ba zan ɓoye muku cewa abin ya ci mata wani abu ba. Aurenta bai ji daɗin wannan zirga-zirga da ɗaukakar ba, ita da mijinta sun ƙare kowa yana garinsa. 'Yarta, ɗaya daga cikin tagwayen, ta rasu tana da shekara 18. Matar da ta ceci 'ya'yan dubban mutane ta binne tata. Ta rasu a Washinton ranar 14 ga Satumban 1980.

Mu kuma fa?

Ga dalilin da ya sa tarihin nan ya tsaya mini a wuya. A bara ni ce ma'ajin ƙungiyar ɗaliban sashenmu. A makon ƙungiya muka ce za mu yi aikin taimakon al'umma a wani ƙauye da ke bayan makaranta: gwajin zazzaɓi da awon hawan jini kyauta, tare da wata nas da muka gayyato. Muka buga riguna, muka yi babbar bana, muka ɗauki hayar bas. Muka sauka a firamaren garin da ƙarfe goma na safe, a tsakiyar damina. Ba mu je mun gaida mai gari tun kafin ranar ba, ba mu tambayi kowa wane lokaci ya dace ba. Maza suna gona, mata suna cikin gida, kuma babu wanda ya nemi izinin fitarsu. Har azahar mutum goma sha ɗaya muka gani, rabinsu yara ne da suka zo kallon bas. Muka yi hotuna da bana, muka watsa a WhatsApp da Facebook, muka dawo muna cewa mutanen ƙauye ba su san ciwon kansu ba. Da dare aka yi liyafar cin abinci, kuma ni da ke riƙe da littafi na san kuɗin liyafar ya ninka na magani sau uku.

Wallahi da na karanta yadda Dakta Ferebee ta tarar da wurarenta wayam, ta kuma tashi ta bi mutane har inda suke, kunya ce ta kama ni. Ita bindiga ce ta tare mata hanya. Mu ba abin da ya tare mu sai ganin cewa mu 'yan makaranta ne, su ya kamata su zo wurinmu. Gidajen nan ba su fi tafiyar minti biyar daga inda muka kafa tebur ba. Bahaushe ya gama magana da ya ce zumunci a ƙafa yake.

Kada kuma wani ya ce wannan tsohon labarin wata ƙasa ne. Mashaƙon da suke yi wa yara rigakafinsa a 1935 shi ne ya ɓarke a ƙasar nan a 2023, ya fi tsanani a Kano, ya kashe yara da yawa waɗanda ba a yi musu allura ba. Allurar tana nan, kyauta ce ma. Abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin inda take da inda yaron yake.

Ba ina cewa mu ɗauki sirinji mu shiga ƙauye ba ne, wannan aikin masu shi ne. Amma ku tuna yawancin tawagar Misisipi malamai ne. A makarantar nan akwai mai iya gyara famfon burtsatse, akwai mai haɗa sola, akwai mai gwajin ruwan sha, akwai mai iya tsara wa ƙungiyar mata littafin adashi, akwai mai iya raka ma'aikatan rigakafi gida-gida ya yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji.

Shawarata ga sabbin shugabannin ƙungiyoyinmu guda uku ce. Ku zaɓi wuri ɗaya, ku je ku zauna da mai gari da matan garin ku ji abin da suke so da lokacin da suke so, kafin ku buga ko riga ɗaya. Ku rubuta duk abin da kuka yi da abin da kuka kashe, ku miƙa wa masu gadonku, don su koma wurin nan dai a baɗi, kada su fara daga farko a wani ƙauyen. Sannan mu da muke fita, kada a goge sunanmu daga littafi. A riƙa tuntuɓarmu, ko dubu ɗaya ce a shekara mu bayar.

Littafin ma'aji yana hannuna har zuwa ranar miƙa mulki. A shafin ƙarshe na rubuta sunan ƙauyen nan, da ranar kasuwarsu, da watan da suke gama girbi. Wadda za ta gaje ni, don Allah ki fara daga nan.